RA'AYI: Fitilun Hilux da makantar dare a hanyar Sheda

Duk wanda aiki ko zumunci ya taɓa riƙe shi har bayan sallar Isha a kan hanyar Abuja zuwa Lokoja ya san irin azabar da idanu ke sha tsakanin Gwagwalada da Kwali. Daga nesa ake hango wani farin haske mai ratsin shuɗi yana tahowa, kafin a ankara ya cika gilashin gaba, ya shafe kwalta da gefenta, ya shafe mai tafiya a ƙafa da ɗan acaɓan da ke gaba. Direban ƙaramar mota ba shi da abin yi illa ya ƙanƙame sitiyari, ya ɗaga ƙafa daga totur, ya yi ta salati har abin ya wuce. Idan ya wuce, sau da yawa sai a tarar Hilux ce ko wata 'yar'uwarta a-kori-kura, an cire ƙwayayen fitilar da ta zo da su an sa waɗanda suka ninka su ƙarfi, an kuma gicciya doguwar sandar fitilun LED a kan rufi ko a gaban bamba. Wasu daga cikin motocin na 'yan kasuwa ne da kamfanonin gine-gine, wasu kuwa lambar gwamnati ce a jikinsu.

Lokaci ya yi da za a daina kallon wannan al'ada a matsayin ado ko gyaran mota. Haɗari ce da mutum ke saya da kuɗinsa ya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Waɗanda suka fi kowa ikon taka mata birki kuwa su ne ma'aikatan ofisoshin da ke sayen irin waɗannan motoci, da jami'an sufuri masu sa hannu a takardar gyara, da hadiman manya masu tsara lokacin tashi da lokacin isa.

Sheda ta isa misali. Garin yana cikin Ƙaramar Hukumar Kwali, a bakin babbar hanyar da ta haɗa Babban Birnin Tarayya da kudancin ƙasar, kuma a nan gwamnatin tarayya ta zube wasu muhimman cibiyoyinta: hedikwatar Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Najeriya, wato NERDC, mai tsara manhajar makarantu, Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Sheda, wato SHESTCO, da Hukumar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa. Ma'aikatan waɗannan wurare da dama suna kwana a Gwagwalada ko Zuba ko can cikin birni, kullum sai sun bi wannan kwalta safe da yamma. Tare da su akwai tirelolin da ke sauko da shanu da hatsi daga Arewa, da tankokin mai masu hawowa daga Kudu, da bas-bas na dare, da manoman doya da masara na ƙauyukan Kwali masu tsallaka titi da kaya a ka, da 'yan acaɓa da masu keke napep. Tun shekarar 2006 aka ba da kwangilar mayar da hanyar Abuja zuwa Abaji zuwa Lokoja tagwaye, kuma shekaru da yawa aikin ya yi ta tafiyar hawainiya. Duk inda ake aiki ko gyara, akan rufe hannu ɗaya a haɗe masu zuwa da masu dawowa a kan hannu guda, fitila na kallon fitila, babu shinge a tsakani.

Adalci ne a fara da jin ta bakin direban da ya ƙara fitilar, domin yana da hujja. Mafi yawan hanyar babu fitilun titi. Layukan fenti sun goge a wurare da dama. Rami yana iya fitowa inda jiya babu shi. Tirela takan lalace a tsakiyar kwalta, babu fitilar baya, babu alamar gargaɗi sai 'yan rassan ganye da yaron mota ya jera, waɗanda ba a ganinsu sai an taka. Ga fargabar 'yan fashi da masu garkuwa da mutane, wadda ta sa kowa ke son ya hango abin da ke gabansa tun daga nesa. Ga kuma maigida a kujerar baya yana duba agogo. Direban da aka ba tsohuwar mota mai dusasshen murfin fitila, aka ce ya kai Lokoja ya dawo a daren, ba za a kira shi mugu ba don ya nemi ƙarin haske. Inda gizo ke saƙar shi ne maganin da ya saya ba ya warkar da ciwon da ke damunsa, yana kuma jawo wa wasu ciwon da ya fi nasa.

Yadda fitilar mota take aiki

Fitilar gaban mota tana da aiki biyu masu karo da juna: ta haska wa direba hanya, ta kuma kauce wa idon wanda ke tahowa. Shi ya sa ake da ful da dim. Ful na harba haske nesa, ana kunna ta idan babu kowa a gaba. Dim kuwa an ƙera ta ne yadda haskenta zai yanke a wani layi, ƙasan layin haske, samansa duhu, kuma idon direban da ke tahowa ya kamata ya kasance cikin wannan duhun. Abin da ke fitar da layin shi ne daidaituwar ƙwan fitila da kwanon madubin da ke bayansa. A cikin ƙwan halojin akwai siririyar waya mai ci da wuta, kuma injiniyoyi sun lanƙwasa kwanon ne bisa lissafin ainihin inda wannan waya take zaune da girmanta. Gocewar milimita ɗaya ko biyu ta isa ta ɓata lissafin.

To, abin da ake yi a shagunan kayan mota na Apo da Zuba da bakin titin Gwagwalada shi ne a zare ƙwan halojin, a cusa na LED ko na zenon a cikin kwanon da ba don shi aka yi ba. Hasken LED daga wasu 'yan faifai masu faɗi yake fitowa, siffarsu daban, mazauninsu daban da na waccan waya. Kwanon sai ya watsa hasken barkatai, layin yankewa ya ɓace, kaso mai yawa ya tashi sama zuwa idon jama'a da rassan itatuwa. Mai mota yana tsaye a gaban shago, ya ga bango ya yi fari fat, ya biya kuɗi yana murna. Da zai auna abin da ke sauka a kan kwalta mita 60 ko 70 a gabansa, inda yake bukatar gani, sau da yawa da ya tarar bai ƙaru da komai ba, wani lokaci ma ya ragu.

Alƙaluma suna ƙara fito da girman lamarin. Ƙwan halojin samfurin H4, wanda a-kori-kura da yawa ke zuwa da shi, yana cin wat 60 a ful da wat 55 a dim, yana ba da haske kimanin lumen 1,650 a ful da lumen 1,000 a dim. Ƙwan zenon mai wat 35 yana kai wa kimanin lumen 3,200, wato ninki uku na dim ɗin halojin. Saboda haka ne Ƙa'ida ta 48 ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan fitilun mota ta shar'anta cewa duk dim ɗin da ya haura lumen 2,000 sai an haɗa shi da na'urar da ke daidaita tsayin haske da kanta, da kuma abin wanke murfin fitila, domin ko ƙurar da ta kwanta a kan murfi tana tarwatsa haske mai ƙarfi irin wannan. Kamfanin BMW da ya fara sa zenon a motocinsa a 1991, da Lexus da Audi da suka biyo da LED shekaru goma sha biyar zuwa goma sha bakwai bayan haka, dukkansu sabuwar fitila suka ƙera tun daga tushe, ƙwai da kwano da murfi. A Birtaniya, tun daga watan Janairun 2021, motar da aka cusa wa ƙwan LED ko zenon a gidan halojin faɗuwa take yi a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. A Abuja kuwa, aikin minti goma ne a hannun mai wayarin.

A-kori-kura ta fi kowace ƙaramar mota illa a wannan fanni saboda tsayinta. Fitilar ƙaramar mota tana zaune ne santimita 60 zuwa 70 daga ƙasa. Ta Hilux ta kusa mita ɗaya, idan an ɗaga motar ko an sa mata manyan tayoyi ta wuce haka. Idon direban da ke zaune cikin Corolla ko Golf bai fi mita ɗaya da 'yan santimitoci daga kwalta ba, ke nan fitilar da idon suna kusan layi ɗaya. Abin da ke kare idon shi ne ɗan sunkuyon da masana'anta ke yi wa dim, kimanin kashi ɗaya cikin ɗari: a kowace mita 10 haske ya sauka da santimita 10. Wannan sunkuyo bai kai digiri ɗaya ba, rabin digiri ne da 'yan kai. Idan aka loda wa bayan motar buhunan siminti ko jarkokin dizal, ko jami'an tsaro shida suka zauna a kan benci, bayanta ya dusa, gabanta ya ɗaga da digiri ɗaya kacal, hasken zai tashi da kusan santimita 87 a nisan mita 50. Sunkuyon ya tafi ke nan, dim ta koma ful ba tare da direba ya taɓa komai ba. Motoci da yawa suna da ɗan maɓalli kusa da sitiyari mai lamba daga sifili zuwa uku ko fiye, wanda aka tanada don a sunkuyar da fitila idan an yi lodi. Direbobi ƙalilan ne aka taɓa gaya wa amfaninsa.

Ita kuwa sandar fitilun da ake gicciyawa a rufi ba ta da dim ko kaɗan. An ƙera ta ne don masu ratsa daji da sahara, da ma'aikatan haƙar ma'adinai da manyan gonaki, inda babu mai tahowa. Tana da amfani ga injiniyan da zai shiga wata hanyar burji a ƙauyukan Kwali ko Abaji da tsakar dare. A kan babban titi makami ce. Ko mai ita ma tana cutarsa, domin hasken da ke saukowa daga rufi yana dukan bonet ya dawo idonsa, yana kuma haska ƙurar da ke gaban gilashi.

Abin da ido ke iya ɗauka

Idon ɗan Adam yana sabawa da duhu a hankali, amma haske mai ƙarfi cikin ƙiftawa ɗaya yake rushe wannan sabo. Bayan an dalle mutum, ganinsa kan ɗauki daƙiƙoƙi kafin ya dawo, kuma lokacin yana ƙaruwa da shekaru. Daraktan da ya haura hamsin ya fi ɗan bautar ƙasa jinkirin farfaɗowa, mai yanar ido kuwa ya fi kowa shan wuya. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a, wanda shi ne iyakar da doka ta yanka wa ƙananan motoci a kan tagwayen hanyoyi, tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa uku na makanta sun zama mita 83, tafiyar da ta kusa tsawon filin ƙwallo, a cikin duhun da direba bai ga komai ba. A cikin wannan tazara ne mace mai goyo ke tsallaka titi a Sheda, ko ɗan acaɓa ke ratsawa ba fitilar baya a Yangoji.

Launin hasken ma yana da nasa laifi. Halojin yana ba da haske mai ɗan rawaya, kimanin kelbin 3,200 a ma'aunin launi. Yawancin LED na kasuwa suna kai wa kelbin 6,000 ko fiye, fari mai shuɗi, wanda ido ya fi jin zafinsa. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke rufe sararin Abuja, ko da damina idan ruwa ya tsuge, haske mai ƙarfi da ya tashi sama yana dukan ƙura da ɗigon ruwa ya dawo wa mai shi kamar farin bango. Faransa ta shafe fiye da shekara hamsin tana wajabta fitila mai launin rawaya, ba ta saki wannan doka ba sai a 1993.

Akwai kuma wata yaudara da ba kowa ke lura da ita ba. Idan mita 20 na farko a gaban mota suka yi haske fiye da kima, ƙwayar idon direba sai ta tsuke, abin da ke can nesa ya ƙara duhu. Shi kuwa yana jin kamar rana ta fito masa, sai ya ƙara taka totur. Motar da ke gudun kilomita 100 tana bukatar abin da ya kusa mita 100 kafin ta tsaya cak, idan aka haɗa lokacin da direba zai ankara da wanda birki zai kama, alhali dim mai kyau ba ta cika wuce mita 60 zuwa 70 ba. Duk mai wannan gudu da dim, da kowane irin ƙwai, ya riga haskensa gaba. Garin neman gira ake rasa ido: an kashe kuɗi don a tsira, an sayo ƙarfin halin da ke kai mutum ƙarƙashin tirela. Kada kuma a manta, direban da aka makantar yana tahowa ne da mota mai nauyin tan ɗaya da rabi, ko tanka mai lita dubu talatin da uku, kuma inda zai karkata ba ya wuce wajen hasken da ya rufe masa ido.

Daga nan sai ramuwar gayya ta shigo. Wanda aka dalle jiya, yau zai je ya sa tasa. Direban bas ya ƙara huɗu a gaba, na tirela ya jera takwas, ɗan acaɓa ma ya ɗaura 'yar tasa mai walƙiya. Kowa ya kunna ful ya ƙi saukewa, yana jiran ɗayan ya fara. Hasken hanya ya ƙaru, gani ya ragu, kuma talakan da ke tafiya a ƙafa, wanda ba shi da fitilar ramawa, shi ke biyan kuɗin wannan gasa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, nahiyar Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da babur.

Wani ɓangaren matsalar tsoho ne. Ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama. Dim ɗin motar da aka ƙera don tuƙin dama tana ɗan ɗaga haske ta gefen dama, don a ga allunan hanya da masu tafiya a gefe, tana kwantar da shi ta hagu inda masu tahowa suke. Motar da aka shigo da ita daga Japan ko Ingila, aka juya mata sitiyari aka bar fitilunta, akasin haka take yi, kai-tsaye cikin idon mai tahowa take ɗaga nata. Haka ma fitilun gwanjo da ake saye ba a duba ko na wane hannu ne ba.

Doka tana nan, mai riƙe ta ne ya yi sanyi

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a Fabrairun 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, tana aiki ne da dokar 2007 da kuma Ƙa'idojin Zirga-zirga na Ƙasa na 2012. A 2018 Najeriya ta shiga cikin yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kiyaye hanya, ciki har da ta 1968 da ta wajabta sauke ful idan an haɗu da wata mota, da ta 1958 da ta shafi ingancin kayan mota irin su fitilu. Sai dai jadawalin tarar da ya zo da dokar 2007 naira 2,000 ya yanka wa laifin fitila, kuɗin da a yau bai kai na lita uku na fetur ba. Binciken motoci kuma galibi da rana ake yin sa, lokacin da sandar fitila ke kashe tana kama da ado. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta hana jami'an VIO tare motoci da cin tara a kan hanya, abin da ya ƙara wa Hukumar Kiyaye Haɗurra nauyi.

Amma gaskiyar da kowa ya sani ita ce, ko da tarar ta kai naira dubu ɗari, ba ƙaramin jami'i ne zai ɗaga wa Hilux mai jiniya hannu ba. Fitila ta bi sahun jiniya da baƙin gilashi, ta zama hanyar shelanta cewa mai tahowa ya fi ƙarfin layi. Wannan hanya ta Lokoja ta riga ta ga abin da gadarar ayarin manya ke haifarwa: a kanta ne, ranar 12 ga Nuwamban 2013, tsohon shugaban ƙungiyar ASUU, Farfesa Festus Iyayi, ya rasu bayan da wata mota daga ayarin gwamnan Kogi na wancan lokaci ta yi karo da motar da yake ciki. Da rana abin ya faru, fitila ba ta da hannu a ciki, amma tunanin da ke sa direban ayari ya ɗauka hanya tasa ce shi ne dai ke sa shi ƙin sauke ful da dare. A Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya taƙaita ayarin ministoci da shugabannin hukumomi zuwa mota uku. An ƙayyade yawan motocin, saura a ƙayyade abin da ake ɗaura musu.

Gyaran da ya dace

Mai a-kori-kurar da fitilarsa ta yi rauni yana da hanyoyin gyara da ba za su cuci kowa ba, kuma yawancinsu sun fi sandar LED araha. Murfin fitilun zamani na roba ne, rana da ƙura suna dusar da shi har ya koma kamar ruwan koko. Goge shi ko canja shi kan dawo da hasken da aka ɗauka ya tafi. Ƙwan halojin yana raguwa da tsufa, don haka a canja guda biyun tare, da ingantattu masu wat ɗin da masana'anta ta rubuta. Sa ƙwai mai wat 100 a inda aka tanadi 55 yana ɗaga wutar da wayoyi ke ɗauka daga ƙasa da amfiya biyar zuwa sama da takwas, ya ƙona soket, ya gasa madubin kwano. A tsohuwar mota, wutar batir kan zube a hanya kafin ta isa fitila saboda tsatsa da tsufan waya, kuma halojin yana da saurin jin wannan rashi. Mai wayarin da ya san aikinsa zai ja sabuwar waya mai kauri daga batir, ya sa mata rile da fis, haske ya dawo ba tare da an taɓa ƙwai ba.

Sai saiti, wanda shi ne uwa uba. A tsayar da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango, a auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa, a yi alama a bangon. Layin yankewar dim ya sauka ƙasa da alamar da santimita 10 zuwa 15, ko gwargwadon adadin da aka buga a jikin gidan fitilar. Idan babu wani layi da ya fito a bangon sai farin dambu, to wannan ƙwai bai dace da kwanonsa ba, a cire shi. Wanda ya dage sai LED, ya sayi gidan fitilar gaba ɗaya wanda aka ƙera don LED kuma don tuƙin dama. Wanda aikinsa ke kai shi daji ya bukaci ƙarin fitila, a haɗa masa ita ta yadda ba za ta kama ba sai an kunna ful, ta kuma mutu da zarar an sauke, a sa mata murfi idan an hau kwalta. Fitilar hazo a ƙasa take zama, kusa da bamba, kuma don hazo aka yi ta. Bayan duk wannan, maganin da ya fi kowanne shi ne rage gudu zuwa inda ido ke kaiwa.

Nauyin da ya fi girma yana kan ofis. Motar gwamnati dukiyar jama'a ce, kuma babu direban da ke da hurumin sauya mata kaya ba da izini ba. Kuɗin sandar fitila daga wani wuri yake fitowa, ko dai an cusa shi cikin takardar gyara, ko ɗan kwangilar da ya kawo motar ya ɗaura ta a matsayin kyautatawa. Jami'in sayayya da ke aiki da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 yana iya rubuta wa ɗan kwangila cewa fitilun masana'anta kaɗai ake karɓa. Jami'in sufuri yana iya jera motocin ma'aikatarsa a gaban bango sau biyu a shekara, aikin da bai wuce yini guda ba. Takardar umarni ɗaya daga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya ta isa ta sauke sandunan da ke kan motocin ma'aikatu, a bar wa waɗanda aikin daji ko na ceto ya wajabta musu, su ma da sharaɗin murfi. Cibiyoyin da ke Sheda, waɗanda ma'aikatansu ne ke kwasar wannan azaba kullum, su suka fi cancanta su fara da nasu motocin, kuma ba a rasa masu iya lissafin digiri ɗaya a garin da Cibiyar Lissafi take.

Hadimai kuwa su san cewa rabin matsalar a kan teburinsu ake ƙulla ta. Taron da aka ce za a tashi ƙarfe huɗu aka kai Magariba, sannan aka ce lallai a kwana a Abuja, shi ne ke tilasta wa direba gudun da fitilar masana'anta ba za ta iya bi ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta sha gargaɗi kan tafiyar dare. Hadimin da ya iya gaya wa maigidansa cewa a kwana a Lokoja a kama hanya da asuba, ko ya taɓa kafaɗar direba ya ce a sauke ful, ya yi masa hidimar da ta fi riƙe jaka.

Sauran hukumomi ma kowa da nasa kason. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, wato SON, ita ke da alhakin abin da ke shigowa kasuwa, kuma ƙwayayen da ake rubuta wa alƙaluman ƙarya a kwali ba daga sama suke faɗowa ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana bukatar sintirin dare a tsakanin Giri da Abaji, da ƙarfin guiwar fara kamu daga motoci masu lambar gwamnati, domin ranar da aka kwance sandar farko daga motar wani babba a bainar jama'a, direbobin tasha za su kwance nasu da kansu. Gwajin saitin fitila ya zama sharaɗi na gaske kafin a ba mota takardar shaidar lafiya. Ma'aikatar Ayyuka da hukumar FERMA kuma su cire wa direba hujjarsa: fentin layi mai ƙyalli, alamomi masu walƙiya a inda aka karkatar da hanya, fitilun titi a inda gari ya rungumi kwalta kamar Sheda da Kwali da Abaji, da janye motar da ta lalace kafin dare ya yi mata. Hanyar da ke nuna kanta ba ta bukatar a ƙone ta da haske.

Musulmi da Kirista duk an koya musu cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da cuta daga kanta aikin lada ne. Ma'aikacin da yau yake zaune a bayan Hilux mai sanda, ranar Asabar cikin tsohuwar Corolla ɗinsa zai ɗauko iyali daga biki a Abaji, kuma a daidai kwanar Sheda wata Hilux ɗin za ta taho masa. Abin da zai so direbanta ya yi a wannan daƙiƙa, shi ya kamata ya sa hannu a kai ranar Litinin idan takardar gyaran mota ta iso teburinsa.